Koren da Na Bi Har Maradun

Ana kiran assalatu na bar Legas. Aikina a can duba hotunan tauraron ɗan'adam ne, ina auna koren teku, wato ƙananan tsirran da kifi ke ci, in ga ko ƙaruwa suke shekara da shekara ko raguwa. Rannan na sa aka ciro mini hotunan ƙasarmu, tun daga shekarar da aka tare gulbi a Bakolori. Na ga kore yana ta faɗi wajen Maradun, na ce albarka ce, bari in je in gani da idona.

Talata Mafara

Jirgin ƙasa ya sauke ni Gusau, na hau bayan akori-kura. 'Yan sanda suka tsayar da mu kusa da gari, suka juya hotunan sama da ƙasa, suka miƙo mini. Na kwana gidan Malam Bulus, abokin karatuna, matarsa ta yi mana tuwon dawa. Da na ambaci albarka, sai ya ce, "Ka fara zuwa Bakura tukuna."

Bakura

Na iske Kawu Sani a bakin fadamarsa, ƙasa duk ta daddare. Muka daɗe muna gaisawa, sannan na tambayi shinkafa.

"Wace shinkafa, ɗana? Tun da anka tare ruwa, gulbi bai sake malalowa nan ba. 'Yan'uwanka duk sun tahi cin rani, ko guda bai komo ba."

Na duba hotona. Fadamar tana nan, siririya kamar zare. Ban taɓa lura da ita ba.

Maradun

Kawu ya rako ni, muka shiga kwalekwale a tafkin da aka tare a Bakolori. Koren nan ba shuka ba ce. Gansakuka ce ta rufe ruwa, tana wari, matattun kifaye sun taru a gefe. Kawu ya ce da mai fito ya dakata, ya nuna ƙasa da sandarsa.

"Ƙauyen su mahaifiyarka na nan ƙasa. Nan munka rufe ta."

Muka ɗaga hannu muka yi mata addu'a a kan ruwa. Ya ce, "Masu kallon nan daga sama, suna iya yin wani abu?"

Na ce, "Kawu, aunawa kawai muke yi."

Ya gyaɗa kai, muka juya muka fito.

Komowa

Na iso Legas da zazzaɓi. Na gode wa Allah da ya maido ni, na gode wa Malam Bulus da iyalinsa. Kawu ya ce kada in tura masa komai sai kuɗin mota, shi ma zai bi 'ya'yansa.