Na Zama Bakin Ɗan Fari a Gozaki

Ana idar da sallar asuba muka bar Zariya, ni da abokin aikina na ofishin magatakardar kwalejinmu, a cikin tsohuwar Fijonsa. An ba shi gurbin digiri na biyu kan gudanar da jami'a, can kudu, shekara biyu, kuma ranar Litinin zai mayar da amsa. Ya ce ba inda za shi sai da yardar mahaifinsa, wanda ke jiran ya dawo gida ya riƙe firamaren garinsu. Ga shi ɗan fari: tsohon ba ya kiran sunansa, ba ya doguwar magana da shi. Shi ya sa aka ɗauko ni in zama bakinsa.

A tashar Funtuwa muka karya. Wata Bayarabiya haifaffiyar garin ta sayar mana da ƙosai, ta wanke ni tas da Hausar da ta fi tawa don na nemi gyara sau biyu. Gasasshiyar masara kuwa kwabo biyar, arha kamar kyauta. Daga nan har Malumfashi auduga ce da dawa hagu da dama, shar da su. Abokina ya kasa cin komai, sai ni na taimaka masa da rabonsa.

Hanyar Gozaki, garinsu, damina ta gama da ita. Sau biyu muna kafewa, manoma suna ajiye fartanya suna turo mu.

A zaure muka sami tsohon. Ya amsa gaisuwata da fara'a, ta ɗansa kuma ya amsa yana kallon bango. Na gyara zama na hau zuba bayanin tsarin mulki da manufofin ilimi, har ni kaina na daina gane abin da nake faɗi. Ya bar ni na gaji.

"Malam, shi mutumin naka, in ya gama koyarwa zai yi?"

"A'a, Baba."

"To me zai yi?"

Kunya ta kama ni. Na ce, "Shi zai riƙa karɓar takardun ɗalibai, ya ba su ɗaki, ya adana sakamakonsu."

Sai tsohon ya ba ni labarin ɗan maƙwabcinsa da ya ci jarrabawa, ya je wata babbar makaranta sau uku, kullum a ce ba a ga takardarsa ba, ya dawo gobe. Yanzu yana gona, ba ya son ko a yi zancen. Wallahi tausayi ya kama ni, don na san irin teburin da takardar ta kwanta a kai.

"Ka gaya wa mutumin naka ya tafi," in ji shi, alhali ga mutumin zaune kusa da ƙafarsa. "Amma in ɗan ƙauye ya tsaya a ƙofar ofishinsa, ya ɗaga kai ya dube shi."

Kafin magariba muka iso Zariya. Shekarata shida a wannan aiki, amma sai a zauren Gozaki na ji mene ne shi. Ranar Litinin abokina ya aika da amsarsa, ni kuma na juya teburina ya fuskanci ƙofa.