Ɗorawar da Ba a Sayar Mini Ba

Fataucin goro ya cinye mini gwiwa. Duk sanda ayari ya dawo Tambuwal sai na yi kwanaki a kwance ana gasa mini ƙafa, a ɗakin da yayana ya ba ni cikin gidan mahaifinmu. Gidan kuwa ya cika maƙil. 'Ya'yan yayana sun yi aure a ciki, nawa suna tasowa, ko tunkiya aka saya sai an yi shawarar inda za a ɗaure ta. Ba mu taɓa sa-in-sa da yayana ba, amma na ga in muka ƙara daɗewa za a yi.

Mai ɗakina ce ta fara furtawa. "Malam, ka sai da jakunan ga ka nema muna wuri. Ko bukka ce, in dai tamu ce."

A kasuwa wani mai gishiri ya ba ni labarin wani dattijo a Sanyinna da ke shirin tafiya Makka shi da ɗansa, yana neman wanda zai sayi gidansa da gonarsa. Na je na gani. Gidan yana bayan gari kaɗan, inda ake jin kiran salla in iska ta juyo. Zaure ne da ɗakuna da rumbuna, da rijiyar da maƙwabta suka shaida mini ba ta ƙafewa. Gonar jigawa ce, ta gangara har bakin fadama, ga ɗorawa manya a tsakiyarta. Na tsaya ƙarƙashinsu na ji ba na son komawa gida.

Muka yi ciniki ba ja-in-ja. Na koma na sayar da jakunana, ayari ya tashi ba ni, yayana kuma ya yi wa ɗansa alkawarin ɗakina. Sannan muka taru a zauren mai gari don a shaida.

Liman ya dubi dattijon ya ce, "Baba, gonar ga ƙaƙa ta zo hannunka?"

"Gado ce."

"Kai ɗai kac ci gadon?"

Dattijon ya ce yana da ƙanwa a Fakku, ƙasar Kebbe, amma tun tana yarinya aka kai ta can aure, ba ta taɓa tambayar gona ba.

Liman ya ce, "Rashin tambaya bai kashe haƙƙi. Ni ban shaida sai an ji daga bakinta."

Ba jaki, ba ayari, ɗakin ma ya zama na wani. In tsohuwar nan ta ce a'a, ban san da wace fuska zan koma wurin iyalina ba.

Washegari muka kama hanyar Fakku, ni da dattijon, da aron jaki muna hawa bi da bi. Hanyar daji ce, sai dai mu gamu da Fulani suna kora shanu kudu. Dattijon bai cika magana ba. Sai da muka zauna hutawa a bakin wani rafi ya gaya mini ya daɗe rabonsa da ƙanwar tasa, kuma ba ta ma san zai yi gabas ba. Nan hankalina ya ƙara tashi.

Mun same ta a tsakar gida tana kaɗi, 'yar tsohuwa, mijinta ya daɗe da rasuwa, tana zaune wurin 'ya'yanta. Ta yi murna da ganin yayanta har da hawaye. Da aka ci abinci ya faɗi abin da ya kawo mu, sai ta ajiye mazarin.

"Makka za ka, Yaya? Ashe da ba don liman ba, sai dai in ji ga bakin matafiya?"

Ta tashi ta shige ɗaki, ba ta ko ambaci gona ba, yayan nata ya bi ta. Ni dai na koma zaure na zauna ina jan carbi, ina jiyo muryarsu sama sama daga ciki har rana ta faɗi.

Washegari da hantsi ta aiko a kira ni. Na durƙusa na gaishe ta. Ta ƙare mini kallo, ta tambayi garinmu da sana'ata da yawan 'ya'yana, ta tambaya ko matata ta iya daddawa. Na ce ta iya.

"To, ɗana, ji nan. Gona ban hana ba. Rabona na bar ma Yaya shi yi guzuri, hanya da nisa. Amma ɗorawa ba ta cikin ciniki. Innarmu ta raine su tun suna ƙanana, ita ka kare su daga awaki. Kada gatari ya taɓa su. Ku ci garin, ku sha inuwa, amma kowace shekara a kawo min kalwata nan, muddin ina da rai."

Na ce, "Inna, ko a kai zan ɗauko ta, za ta iso."

Ta yi dariya ta ce in tashi, gwiwar tawa ma ba ta durƙuso ba ce. Na fito waje. Na jingina da katanga ina ta hamdala, wata yunwa ta taso mini, don tun da muka baro Sanyinna ban ci abin kirki ba. Na shanye furar da aka kawo mana mu biyu, dattijon yana kallona yana murmushi.

Babban ɗanta da wani dattijon unguwarsu suka biyo mu, suka maimaita maganarta a gaban liman da mai gari, aka shafa fatiha. Kafin ya tafi, mai gonar ya zagaya da ni iyaka, ya nuna mini gambar da ta raba mu da maƙwabci, da inda ruwa ke kwanciya, da inda maiwa ta fi gero yi. Ya ce akwai wani Bafulatani da ke sauka a gonar bayan kaka, kada in kore shi, takin shanunsa ne ƙarfin ƙasar.

Mun tare kafin ruwan shuka. Shekarar farko ni da kaina na kai kalwar Fakku. Tsohuwar ta ɗebi cikin tafinta ta shinshina, sannan ta tambaye ni ko an ji labarin masu gabas. Na ce wasu fatake sun gan su a Katsina lafiya lau. Ta ce to madalla, ta sa aka shimfiɗa mini tabarma, ta ce ba inda zan je sai na kwana biyu.