Wata Uku Daga Talatin da Ɗaya ga Agusta

Mun cika benci, shi kuwa magatakardan asibitin yana bayan tebur yana dambe da kwamfuta. Dattijo ne siriri, tabarau a karan hanci, biro biyu a aljihu, yana taɓa madannai da yatsa ɗaya kamar za su ƙona shi. Aikin bai taka kara ya karya ba: likita ya ce Inna ta dawo bayan wata uku, yau kuma talatin da ɗaya ga Agusta.

Ya ƙara kwana casa'in a jadawalin, allo ya ce ashirin da tara ga Nuwamba. Ya goge, ya ƙara uku a kan watan, allo ya ce ɗaya ga Disamba. Ya ja tsaki.

Na ce, "Malam, ƙafarta kumbura take yi. A ba mu rana mu tafi mana!"

Bai ɗago ba. "Wacce rana daga cikin biyun? Kwanaki na bi lissafin kwamfutar nan, wani bawan Allah ya kwana biyu ba magani."

Ina jin ya shekara talatin da rajista da kalandar bango bai taɓa ɓata ranar kowa ba, sai da aka dasa masa wannan akwatin.

Yanzu ya dunƙule hannu yana ƙirga watanni a gaɓoɓin yatsu. Ya ture madannan, ya zaro biro, ya rubuta ashirin da takwas ga Nuwamba a katin Inna.

Ya ce, "Mama, gara ki zo da sauran magani a hannu. Ita wannan kwamfutar ba ta da hawan jini."