Ranar da Aka Ba da Arona ga 'Yan Isa

Malamar motsa jiki ce ta kawo mana hoki Sabon Birni. Ta zo makarantarmu da sanduna masu lanƙwasasshen kai cikin buhu, da wata farar ƙwallo mai tauri kamar dutse. Da muka gama sakandare ba mu daina ba. Muka kafa kulob, muna wasa bayan la'asar a filin makarantar, da dogayen wanduna da gajerun hijabai. Yayata ce kyaftin. Ni kuwa yawanci a bakin fili nake zama, ina jiran wata ta gaji.

Shekarar da muka kai wasan ƙarshe na kofin shiyya, da matan garin Isa za mu kara, a filinmu. Suka iso a makare, kuma ba su cika ba. 'Yan wasansu na ƙauye ba su fito ba, don an ce hanya ba lafiya, iyaye sun hana. Alƙaliyar wasa ta ce bisa doka kofi namu ne, ba sai an buga ba.

Kyaftin ɗinsu, wata doguwa mai goyo, ba ta yi gardama ba. Zama ta yi a ƙasa ta soma kwance takalminta. Na ji tana ce wa ta kusa da ita, "Tun girbi muke shiri."

Yaya ta daɗe tana kallonta, sannan ta nufi alƙaliya.

"Hajiya, kofin da ba mu yi gumi ba, mi za ni yi da shi? In doka ta yarda, mu ara musu mutane."

Aka yi shawara, aka yarda. Yaya ta juyo ta nuna mu da muke zaune, sannan ta dube ni.

"Ke, tashi ki amshi rigarsu."

"Yaya, ni da ke?"

"In kika raga mini, kada ki sake kirana yayarki."

Rigar ta yi mini yawa, sai da na ɗaure ta a kugu. Har aka tafi hutu ba wanda ya ci. Bayan an dawo, mai goyon nan ta kwashi ƙwallo daga tsakiya, ta wuce mutum biyu, ta turo mini. Yaya ce a gabana. Na kauce mata ta hagu, inda na san ba ta da sauri, na doka. Ƙwallo ta bi ta tsakanin ƙafafun mai tsaron gidanmu, ƙawata 'yar garin Gangara, ta daki katakon raga.

Fili ya yi tsit. Matan Isa suka rungume ni suna guɗa, ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata. A haka aka tashi. Da aka miƙa musu kofi, kyaftin ɗinsu ta riƙe hannun Yaya tana hawaye.

A hanyar gida Yaya gaba ta yi ta bar ni. Sai da muka shiga, Inna ta tare mu tana tambaya ina kofi, sannan Yaya ta juyo ta nuna ni da sandarta.

"Tambayi ɗiyarki, Inna. Ashe ta iya, ta bar mu muna ta wahala."

Da aka soma sabuwar kakar wasa, cikin 'yan gaba Yaya ta sa ni. Ƙawata mai tsaron gida dai ba ta amsa gaisuwata ba sai da Sallah ta zo.