Akwatin da Na Danna Ban Karanta Ba

Shekarun baya, lokacin da korona ta kulle mu a gida, ina koyar da ɗalibaina daga kan teburin cin abinci a gidanmu na unguwar Ain Khaled a Doha. Wata rana abokina ya kira ni daga Najeriya. Kirista ne, ɗan fasto, mun yi koyarwa tare a wata jami'ar coci kafin in taho Doha. Ya ce wani taron jami'o'in Kirista na duniya ya buɗe karɓar takardun bincike, ta intanet za a yi shi, kuma batun shi ne zama da ɗalibai mabambanta. Takarda ɗaya ta irin wannan taro ce ta rage masa a yi masa ƙarin girma.

Abin rubutawa kuwa muna da shi. Tun ina can na yi hira da ɗalibai Musulmi na jami'ar: inda suke sallah, yadda suke ƙarewa da ɗakin cin abinci a watan azumi, da abin da suke ji in an ce kowa ya hallara a majami'a. Da yake ni ma Musulmi ne, da ni suka saki jiki, shi kuma ya san hukumar makarantar ciki da bai. Cikin mako biyu muka haɗa taƙaitaccen bayani.

Da yake intanet ɗina ya fi nasa ƙarfi, ni na ɗauki aikin turawa. A shekarar nan hannuna ya riga ya saba. Fom ɗin gwajin korona, fom ɗin shiga ofis, kowanne da ɗan akwatin "na amince" a ƙasa. Na danna uku a jere, na tura, na ce khalas, wato an gama, na tafi kasuwar Abu Hamour cefane. Malamin da kullum yake yi wa ɗalibai faɗa su karanta tambaya kafin su amsa ke nan.

Ina cikin zaɓen albasa sai ga kiransa.

"Malam, ashe ka shigo coci ba ka gaya mana ba? Ai da Baba ya yanka akuya."

Kwafin abin da na tura ne ya isa gare shi. Ashe akwati na uku shaidar bangaskiya ce: duk mai suna a takardar ya tabbatar ya yarda da aƙidar Kirista gaba ɗayanta.

Na yi istigfari. Amma da na tuna ƙarin girmansa, sai na ce, "Bar shi kawai. Kuskure ne, Allah ya san zuciyata. Su kuma wa zai bincika?"

"Ai ni na sani," in ji shi. "Mu ba ma wasa da wannan shaidar. Kuma ba zan hau matsayi a kan an sa ka faɗi abin da ba ka yarda da shi ba."

A ranar ya rubuta wa kwamitin taron. Suka amsa cikin ladabi cewa ƙa'ida ce, amma zai iya gabatarwa shi kaɗai, ya sa sunana a wurin godiya. Na roƙe shi ya karɓa, har na haɗa shi da Allah.

Ya ce, "Yaran nan da kai suka yi magana. Da wane ido zan tsaya ina bayanin zama da Musulmi bayan na cire Musulmin?"

Ya janye takardar. Ƙarin girman shekarar ya wuce shi, na ƙasa da shi suka sha gabansa. Sai a shekarar da aka yi gasar cin kofin duniya a nan ya samu, da wata takarda daban. Saƙonsa ya same ni a tashar jirgin ƙasa ta Mansura, 'yan kallon ƙwallo sun matse ni ko'ina. Na yi masa barka, ya ce na gode, shi ke nan.

Ba mu sake tada zancen ba, bai kuma taɓa yi mini gori ba. Amma har yau in na tuna, kunya nake ji. A ranar nan ni na yarda a bar sunana a ƙarƙashin aƙidar da ba tawa ba. Shi ne ya tsaya wa addinina, kuma shi ya yi asarar shekara biyu.