Duron Dabinon Maiwada a Manfuha

Maiwada, Allah ya jiƙansa, mutum ne da bai iya ganin abu a zube ya wuce ba. Bara ciwon zuciya ya ɗauke shi, har yau kuwa ɗakinsu na unguwar Manfuha bai saba da rashin dariyarsa ba.

Ɗan Jibiya ne, direba a wani kamfanin dabino a nan Riyad. Kowace yamma shi ke kwashe dabinon da aka ware, mai tsutsa da wanda ya dame, ya kai juji. Abin na ci masa rai. A sanyin 2014 wani Basudane da suke lodi tare ya ce masa a ƙauyensu irin wannan ake jiƙawa ya zama khal, ruwan tsamin nan da ake yayyafa wa salak. Wai wasu halittu ne da ido ba ya gani suke cinye zaƙin su bar tsami.

Ranar nan ya dawo gida da shuɗin duro a kafaɗa da buhun dabino a hannu.

"Yaya Sha'aban, na samo mana masana'anta!"

Sha'aban, babba a ɗakin, wanda da sunansa aka kama haya, ya leƙa buhun dabinon. "Masana'antar ƙuda, ko?"

Maiwada ya jiƙa dabinonsa a saman bene, ya ɗaure bakin duron da tsohon ƙyalle. Da ya dawo aiki sai ya haura ya kara kunne. Ranar da ya ji abin yana tsiyayar kumfa, da gudu ya sauko ba ko takalmi.

"Sun kama aiki! Wallahi sun kama! Ba iƙamar zama a ƙasa, ba kafili mai tsaya musu, ba hutu!"

Sai dai Basudanen ya manta bai gaya masa ba cewa kafin ruwan ya zama khal, sai ya fara zama giya. Wata safiya warin ya sauko har matakala. Sha'aban ya ja shi gefe.

"Maiwada, ka san ƙasar da muke. In mai gadin gidan nan ya shaƙi wannan ya kira 'yan sanda, wa zai tsaya jin bayaninka? Dukanmu za a tusa ƙeyarmu gida, a ce giya muke dafawa. Da wane ido zan dubi 'ya'yana? Zubar da shi."

Maiwada ya riƙo hannun Sha'aban. Shi da bai taɓa kai ko ɗigo bakinsa ba!

"Yaya, ka bar ni zuwa Juma'a. In bai juya ba, da hannuna zan tuntsurar."

Ya koma wa Basudanen, shi kuwa ya ba shi kwalbar tsohon khal na gida, ya ce ya juye a ciki ya kuma ba shi iska. Safe da yamma Maiwada na saman bene da kofi, yana ɗiba yana tsiyayarwa kamar mai fifita wa jariri kunu, yana lallashi: "Ku taimaka, bayin Allah, kada ku kunyata ni."

Ana saukowa daga Juma'a Sha'aban ya wuce saman bene ko jallabiya bai cire ba, Maiwada na biye da shi. Ya kwance ƙyallen. Wata farar yana-yana ta rufe saman ruwan, sai tsami ya daki hancinsa har ya ja da baya yana tari. Ya tsoma yatsa ya lasa. Fuskarsa ta yamutse, idanunsa suka kawo ruwa.

"Kai! Wannan ai ya fi tsamiya!"

"Khal ne, Yaya?"

"Khal ne, ɗan rigima. Cika kwalba, mai gadi za ka fara kai wa, ya san abin da ke saman benensa."

Maiwada ya cika ta har tana zuba. Ya sauka yana tsallake matakala, yana ƙwala wa mai gadi kira, "Ya sadiƙ! Abokina! Zo ka ɗanɗana!" har maƙwabta suka riƙa leƙowa.