Muryar Kaka a Cikin Rumbu

Ranar wata Laraba ce, da kaka, a shekarar da 'ya'yana suka ce mini 1998 ake kiranta. Ina tsugune a ƙofar gidanmu, a wani ƙauye kusa da Tama, ina ɓare wa Inna albasa, sai ga Kawu Ishaya ya sauko daga babur. Ɗan ƙanwar Kaka Dije ne, Kirista, yana aiki a likitar mishan. Ya buɗe jaka ya fito da kaset, sannan ya fito da wani abu zagayayye, siriri, cikin gidansa na roba. Da rana ta taɓa shi sai ga bakan gizo ya kwanta a kansa. Mu yara muka watsar da abin hannunmu muka kewaye shi, har 'yan matan da ke carabke a gindin itacen bedi suka bar duwatsunsu.

Abin da ya kawo shi kuwa, da bazarar da ta wuce ya zo ya zaunar da Kaka, ya ɗauki maganarta. Ita kaɗai ta rage da ta san sunayen kakanninmu tun daga waɗanda suka sauko daga dutse suka haƙa rijiyar farko, ita ta san kirarinsu da waƙoƙin gayya na zamanin da gidanmu bai kama salla ba. Baba mai salla ne, waƙoƙin ba su dame shi ba, amma sunayen ubanninsa yana tsoron su bi tsohuwa kushewa. Kawu ya ce wani abokin aikinsa ne ya zuba muryar daga kaset zuwa wannan faifai da na'ura. Ya ce kaset a saurara, faifai a ajiye, don zafi na cin kaset, shi kuwa in an tsare shi daga rana da ƙasa, zai kai jikoki. Baba ya juya shi a hannu ya ce, "Ashe iri ne."

Kuma ajiyar iri ya yi masa. Ya naɗe shi da tsumma mai tsabta, ya sa a sabuwar tukunya, ya liƙe bakinta da yumɓu, ya kai can cikin rumbu inda yake rataye zangarniyar hatsin da ya zaɓa don shuka. Kowace kaka, in ya gama zaɓen iri, sai ya fasa yumɓun, ya duba, ya sake liƙewa. Ni nake riƙe masa tsani. Bai taɓa barin yatsana ya kai ga fuskar faifan ba.

Kaset kuwa mun sha shi. Ana daka ana ji, ana sussuka ana ji, maƙwabta na arowa, har ran da rediyo ta tauna zaren ta tofar. Da damina ta zagayo, Kaka ta cika. Daga nan ba mu da komai nata sai abin da ke cikin tukunya, kuma duk ƙauyen babu mai abin kunna shi. Nomau, taubashin Baba, ya samu abin yi. In jan baki ya sauka a gona muna ta kaɗa gwangwani, sai ya ɗaga murya: "Kai mai madubi, kawo wanga abu mu rataya ma tsuntsaye, ko ya yi aikin wani abu!" Baba ya ce, "Rataya kanka, ya fi shi sheƙi." A yi dariya a wuce. Amma na sha ganin Baba ya tsura wa faifan ido. Shi ma bai san ko tsohuwa na ciki ba.

Aka kai ni aure Buza, na haihu, na aurar. Inna ta rasu, idon Baba ya fara hazo. Wata shekara ɗana babba ya ɗauko Baba da tukunyarsa a mota, muka tafi Madawa, wurin masu zuba waƙa a waya. Mai shagon ya tono wata tsohuwar na'ura daga ƙarƙashin tebur, ya hure ta, ya zura faifan. Muka kasa kunne. Sai Kaka ta yi gyaran murya, ta yi bisimilla, ta fara jero sunaye ɗaya bayan ɗaya, sarai, kamar tana zaune a tabarmarta. Can bayan muryarta kuma ana jin tabarya na sauka a turmi. Baba ya kama hannuna ya ce, "Dakan uwarki ne."

Yanzu 'ya'yana na ɗaukar murya da hoto kamar ana ɗibar rairayi. Waya ta faɗa rijiya, su yi tsaki, su sayi wata, abin da ke ciki ya tafi. Mu abu ɗaya muka samu, muka tsare shi shekara da shekaru ba mu ji ko tarinsa ba. Wanda ya yi faifan nan, ban san shi ba, amma ya riƙe amana.